Wasiƙar da Ta Yi Wata Biyu a Bayan Agogon Baffana

Shekarun baya, tun Haɗeja na cikin tsohuwar Jihar Kano, an taɓa liƙa mini wani suna da ya cinye mini shekara guda cur. Sunan kuwa shi ne Likita. Baffana, yayan mahaifina, shi ya raɗa mini shi a zaurensa ranar da aka ce na ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana. Kafin mako ya zagayo, daga ƙofar gidanmu har bakin kasuwa babu mai kirana da sunan yankana.

Bari in fara da faɗin gaskiya game da baffan nan, don kada fushi ya sa in zalunce shi. Mahaifina ya rasu ina firamare, baffa ne ya riƙe mu, ni da ƙannena da mahaifiyarmu, a sashen da mahaifina ya bari a babban gida. Bai taɓa bari yunwa ta taɓa mu ba, kuma in ya yanko wa 'ya'yansa kayan sallah, daga bandir ɗaya ake yanka nawa. Yadi yake sayarwa a kasuwa, mutum ne mai son farin kaya da son a ce. Wannan son a ce ɗin shi ne ciwonsa, ni kuma na zama abin nunawa. Ko baƙo ne ya zo daga Kaugama sarin yadi, sai an kira ni na gaishe shi, baffa ya gyara hula ya ce wannan shi ne likitan gidan.

Ni ma fa ba zan wanke kaina ba, sunan ya yi mini daɗi. In na dawo hutu, da farar riga da farin wando nake yawo, biro biyu a aljihu. Tsofaffin unguwa su tare ni da ciwon gwiwa da jiri, ni kuma in gyara murya in ce a rage gishiri. Abin da ban taɓa faɗa a gida ba shi ne, ranar da aka feɗe kwaɗo a ɗakin gwaje-gwaje, sai da aka fito da ni waje aka yi mini fifita. Da babbar sallah kuwa, da zarar an kayar da rago, wani aike na gaggawa yake taso mini. Tsakani da Allah abin da nake so shi ne lissafi da fiziks, da duk wani abu mai juyawa da za a iya kwancewa a mayar.

Akwai abu biyu game da mahaifiyata da dole ku sani, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Na farko, ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san nauyin wannan. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta sa baki a maganata ko da dukana ake yi a gabanta. In tana da saƙo gare ni, sai ta juya ta faɗa wa tukunya, ni kuma in tsinta. Don haka duk abin da ya shafe ni, a zauren baffa ake yanke shi. Na biyu, ita 'yar maƙera ce. Mahaifinta maƙeri ne, yayanta ma maƙeri ne, rumfarsa na bayan kasuwa, inda ake ƙera lauje da fartanya da ƙugiyar masunta. A gidanmu ba a zagin maƙera a fili, amma akwai wani irin shiru da ake yi in an ambace su. Ni da kaina, abin kunya, in na sa fararen kayana ba na bin bayan kasuwa. In dole ta sa na bi, daga nesa nake ɗaga wa kawuna hannu don kada baƙin gawayi ya taɓa ni. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce a gai da Likita.

Da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, lissafi da fiziks da kemistiri sun yi kyau sosai, bayoloji kuwa da ƙyar na tsallake. Duk wanda ya ga takardar ya san ƙofar karatun likita ta rufu. Malaminmu na fiziks, wani mutumin Filato mai yawan raha, ya kalle ta ya ce in gode wa Allah, an ceci marasa lafiya daga hannuna. Shi ya ba ni shawarar in nemi difloma ta injiniyan injina a wata kwalejin fasaha da ke birni, ya ce yanzu fadamunmu sun fara cika da injinan ban ruwa, kuma ba su da masu kula da su. Na cike fom a gabansa ina jin wani sauƙi a ƙirjina, kamar wanda aka sauke wa buhun da ba nasa ba.

A fom ɗin akwai wurin adireshi. A lokacin, duk unguwarmu mutum ɗaya ne ke da akwatin gidan waya, baffana, saboda dillalan yadi da ke rubuto masa. Wasiƙar kowa ta hannunsa take biyowa, ta soja da ta ɗan makaranta da ta mai neman aiki. Ban ko yi tunani ba na rubuta lambar akwatinsa. Na dawo na gaya masa na cike fom na kwaleji. Ban ce masa na likita ba ne, ban kuma ce ba na likita ba ne. Nan ne nawa laifin yake, kuma na yarda da shi.

Sai jira. Damina ta ja baya, ruwan kogi ya fara janyewa daga fadama, aka shiga yankan shinkafa. Baffa na da gona wajen Auyo, can aka tura ni in kula da masu yanka, ina zuwa ina dawowa. Kullum da safe kafin in fita sai na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi, a ƙarƙashin wani agogon bango da ya zo da shi daga Makka. In na tambaya ko an ga wasiƙa, sai ya ce a ci gaba da addu'a. Abokaina suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi jami'a, wancan kwalejin horon malamai. Ni da na fi su lissafi aka bar ni ina korar tsuntsu. Har na fara gaya wa kaina ashe dai ban kai ba. Wannan tunanin ya fi komai ci mini rai, don na rame a kansa.

Ranar wata kasuwa na kawo shinkafa gari, ina tsaye ana sauke buhuna, sai ga ma'aikacin gidan waya a kan kekensa. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya daɗe a garin har ya san gidan kowa. Ya taka burki ya kalle ni daga sama har ƙasa.

“Likita, hutu aka ba ku tun yanzu?”

Na ce wane hutu, ni da ba a ɗauke ni ba. Ya sauko daga keken. Ya ce shi da hannunsa ya ba baffana wasiƙa mai rajista da hatimin kwalejin a jikinta, sunana a rubuce, har baffa ya sa hannu a littafi. Na tambaye shi yaushe. Ya ɗan yi lissafi da yatsu ya ce ai tun kafin a fara yankan shinkafa, wata biyu ke nan ko kusa. Da ya ga yadda fuskata ta koma, ya gane ya taɓo abin da bai sani ba, ya dafa kafaɗata ya ce in bi a hankali.

Ban bi a hankali ba, amma tarbiyya ba ta bari na yi abin da zuciyata ke so ba. Bayan la'asar na same shi a zaure shi kaɗai. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa cikakkiya har da tambayar kasuwa. Ta ƙofar ciki ina jin ƙarar faifai, mahaifiyata ce ke sheƙar shinkafa a soron da ke bayan zauren.

“Baffa, an ce wasiƙata ta zo.”

“Ta zo.”

Haka kawai ya faɗa, ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce ya sa an karanta masa ita a kasuwa tun ranar da ta zo. An ce masa karatun ƙarfe ne, guduma da walda da kwance inji, har da jerin kayan da zan tafi da su, shuɗiyar rigar makanikai da takalmi mai ƙarfe a baki. Ya ce shekara uku yana gaya wa mutane yana da likita a gida, ba zai wayi gari ya ce musu makaniken bakin tasha ya samu ba. Ya riga ya yanke, zan sake rubuta bayoloji baɗi. Na ce masa ni wannan karatun nake so, kuma difloma ce ta injiniya, ba zaman bakin tasha ba. Sai ya girgiza kai, ya sassauta murya kamar mai tausaya mini.

“Gidan nan tun kakanmu ba a taɓa riƙe guduma ba. Na san ba laifinka ba ne. A nono ka sha.”

Ƙarar faifan nan ta tsaya cak. Na saurara, na jira ko za ta yi tari ma. Jim kaɗan sai faifan ya ci gaba da aikinsa.

Na ce a ba ni wasiƙata. Ya miƙe, ya sa hannu a bayan agogon bangon nan, ya zaro ta. Wato wata biyu ina durƙusawa kullum a ƙarƙashinta ina tambayar ta, shi kuma yana cewa a ci gaba da addu'a. Da a ce yaga ta ya yi cikin fushi, da na fi fahimta. Amma ya ajiye ta lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi mata ba, ya bar ni ina zargin ƙwaƙwalwata. Na buɗe a nan gabansa. An ba ni gurbi, an kuma sa ranar ƙarshe ta rajista. Ranar ta wuce da kwana tara.

Washegari da sassafe na hau motar birni, ban yi wa kowa sallama ba. Na isa ofishin rajista da ƙurar hanya a jikina, na miƙa wasiƙar ga wata mata mai tabarau. Ta saurare ni har ƙarshe, ta duba takardunta, ta ce an jira waɗanda ba su zo ba, daga baya aka ba wa na jerin jira gurabensu, an ma fara darasi. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta tambaye ni ko wasiƙar ɓata ta yi a hanya. Na buɗe baki na kasa cewa baffana ne ya ɓoye ta, sai na ce eh, ɓata ta yi. Ta ce in sake nema baɗi. Da na fito na bi ta bayan wani dogon gini mai rufin kwano, na ji injina na kuka a ciki. Na leƙa ta taga, ga samari sa'o'ina cikin shuɗayen riguna, kowa a gaban teburin ƙarfe. Ɗaya daga cikinsu a gurbina yake tsaye. Na daɗe a tagar nan har wani mai gadi ya tambaye ni ko wani nake nema.

Da na dawo gida baffa bai tambaye ni yadda aka yi ba, fuskata ta gaya masa. Abin da ya ce shi ne haka Allah ya so. Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona ni a duk lamarin. Mutum ya sa hannunsa ya tura takarda bayan agogo, sannan ya jingina wa Allah. Babu yadda zan yi, amma a ranar na ƙudurta cewa ko littafin bayoloji ɗaya ba zan sake buɗewa ba.

Mahaifiyata ma na yi fushi da ita, ba zan ɓoye ba. An zage ta a kaina, an zage ni a kanta, ta ci gaba da sheƙar shinkafa. Na san al'ada ce, na san in ta yi magana za a ce ba ta da kunya, tana kare ɗan fari. Amma a shekarun nan nawa ban ga amfanin kunyar da za ta sa a yanka mutum a gabanka ka yi shiru ba. Kwana uku ina ɗaki ba na fita sai salla. A rana ta huɗu da hantsi na fito alwala, tana gaban murhu ta ba ni baya. Sai na ji tana gaya wa tukunya, a hankali, cewa wanda aka ce a nono ya sha, ai ya san hanyar bayan kasuwa.

Na tafi, da farin wandona, don shi kaɗai ne wankakke. Kawuna na zaune a gaban uwar maƙera, ya ɗago ya gan ni a cikin rumfa, ba daga nesa ba.

“Likita, yau ciwon wa ka zo dubawa?”

Na ce aiki na zo koya. Labari ya riga ni isa, don bai tambaye ni dalili ba. Ya nuna mini zugazugi ya ce bismilla. Wata guda cur zuga kawai nake yi. Kafaɗuna suka yi tsami, hannuna ya yi kanta, farin wandon nan kuwa ko a tsumma ba za a karɓe shi ba. Ni da nake taƙama na san a wane zafi ƙarfe ke narkewa, ban san bambancin jan da ake duka da jan da ake jira ba. Kawu ba ya bayani, sai dai ya ce kalli. Ranar da ya fara ba ni magagari in goge bakin lauje, na dinga gurza gaba da baya da ƙarfina. Ya karɓe ya ce ba wanki nake yi ba, magagari gaba kawai yake ci, in za ka dawo da shi ɗaga shi ake yi. Sai da na lalata lauje uku kafin ya daina karɓewa.

A wannan ranin ne injinan ban ruwa suka ƙara yawa a fadama. Manoman tumatir da alkama daga Auyo har Kirikasamma suka same su, amma in ɗaya ya tsaya babu wanda ya san kansa. Sai su ɗauro shi a babur, wasu ma sai sun ƙetaro da kwalekwale, su kawo wa kawu, tunda dai ƙarfe ne. Shi yana iya ƙera musu abin da ya karye, amma in inji na tashi lafiya kuma ba ya jan ruwa, sai ya tsaya yana kallonsa. Wata rana wani manomi ya kawo nasa karo na uku yana rantsuwa an yi masa baki. Na tambaye shi inda yake ajiye injin. Ya ce a kan gaɓa, inda ya saba, ruwan ne dai ya ja ƙasa sosai bana. Na ce injin lafiyarsa ƙalau, akwai iyakar zurfin da irinsa ke iya tsotso ruwa, ko sabo ne. Na ce ya haƙa masa wuri ya sauko da shi kusa da ruwan. Mutumin ya tafi yana gunaguni, bayan kwana biyu ya dawo da kwandon tumatir. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ashe karatun nawa ba na hana mutane cin gishiri ba ne kawai.

Baffa ya san inda nake wuni. Ya daina kirana in gai da baƙi, in an tambaye shi kuma sai ya ce Likita na ɗaki yana shirin jarrabawa. In na dawo da yamma fuska duk baƙi, ta ƙofar baya nake shiga don kada in ƙaryata shi a gaban mutane. Ku duba fa, shi ya cuce ni, ni kuma nake rufa masa asiri.

Da lokaci ya zagayo na sake cike fom. Wannan karon ma'aikacin gidan wayan nan ya ce in rubuta a kawo ta hannunsa. Ranar da wasiƙar ta zo, har rumfa ya kawo ta a kekensa, yana kaɗa ƙararrawa tun daga nesa. Ni ina riƙe da jan ƙarfe ba halin saki, kawu kuma ya kalli hannuwansa ya ga ba na taɓa farar takarda ba ne. Sai ya ɗauko awartaki mai sanyi, ya goge bakinsa da riga, ya karɓe ta da shi. Ko awa ɗaya ba ta yi a garin ba na karanta ta. Na je na gaya wa baffa zan tafi, ba izini na nema ba, sallama na yi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, yana kallon wani wuri.

Makon farko a kwaleji aka shigar da mu dogon ginin nan da na taɓa leƙawa ta taga. Aka ba kowa guntun ƙarfe da magagari, aka ce a goge shi ya kwanta sumul, kusurwoyinsa su daidaita. Yawancinmu 'yan makarantun kimiyya ne, kowa da kiredit ɗinsa da girman kansa. Nan da nan ɗakin ya cika da ƙarar gurza gaba da baya, irin wadda na yi wa laujen kawu. Na kusa yin dariya. Malamin aikin hannu, wani dattijo da yatsunsa duk tabo, ya zo kaina ya tsaya, ya ɗauki ƙarfena ya ɗora sikwaya, ma'aunin kusurwa, ya ɗaga wa haske. Ya tambaye ni wace makarantar koyon sana'a na yi. Na ce makarantar kimiyya na yi, amma mahaifiyata 'yar maƙera ce. Wannan ne karo na farko da na faɗi maganar nan da bakina a gaban mutane, kuma da ƙarfi na faɗe ta.

Shekara biyu suka wuce, na gama, na samu aiki a wani shirin noman rani a yankinmu. Aka ba ni babur, manoma suka fara kirana Injiniya. Sai ga shi sunan ya yi wa baffa daɗi a baki. Na fara jin labari daga kasuwa cewa yana gaya wa mutane ai shi ya ga yaron na da kan injina tun yana ƙarami, shi ya tura shi. Na farko da ya kawo mini wannan labari sai da na sa ya maimaita. Na yi zaton abin da ya wuce ya wuce a raina, ashe yana nan ɗanye.

Ranar da na karɓo takardar difloma, na sa aka yi mata gilashi na kawo gida. Baffa ya tara 'yan majalisarsa a zaure aka yi addu'a, aka raba goro. Ina shiga na ga sabuwar ƙusa a bango, dab da agogon nan. Bayan an shafa, ya miƙo hannu ya ce in kawo a rataye, duk wanda ya shigo ya gani. Na tsaya riƙe da ita. Ba na so in ba shi, kuma ban san yadda ake hana baffa abu a gaban mutane ba. Har na fara matsawa.

Sai muka ji murya daga ƙofar ciki. Mahaifiyata ce, ba ta shigo ba, daga bayan labule take. Matar da tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga murya a kusa da zauren nan ba.

“Alhaji, takardar ɗana ta taɓa yin wata biyu a bangon nan. Ya ishe ta. Wannan bayan kasuwa za a kai ta.”

Wani dattijo ya shiga gyaran carbinsa, wani ya duƙa yana neman takalmin da ke gabansa. Baffa ya janye hannunsa a hankali. Ni kuwa ban ma gama jin sauran maganar ba, don a kalma ɗaya na tsaya. Ɗana ta ce. Na fita da takardar a hammata, na bi ta tsakiyar kasuwa, na kai wa kawu. Ya kafa ƙusar da ya ƙera da hannunsa ya rataye ta a ginshiƙin rumfa.

Baffa ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Ni na riƙe kan makararsa, kuma na yafe masa, don abincinsa ne ya gina jikin nan. Amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ba zan ce ban ji haushi ba don a ce ina da haƙuri. Har gobe ina ji. Abin da ya fi ba ni takaici, da yawa daga cikin dattawan da suka ji labarin sun ce ai don yana sona ya yi. To, ni dai na san akwai masu son yaro, akwai kuma masu son sunan da suka sa wa yaro, kuma na ɗanɗani bambancin. Shi ya sa yau in wani ya kawo mini ɗansa ya ce ga likitanmu ko ga injiniyanmu, sai in kori uban da wasa in tambayi yaron shi me yake so. Kuma saƙon wani ba ya kwana a hannuna, ko na baki ne.

Takardar na nan a rumfar maƙera, 'ya'yan kawu ne ke aiki a ƙarƙashinta yanzu. Hayaƙi ya rufe gilashin, sai an goge da hannun riga ake ganin sunana. Sau da yawa an ce in ɗauko ta in kai ofis, na ƙi. Mahaifiyata kuwa, washegarin ranar nan ta koma yi wa tukunya magana, kamar ba abin da ya faru. Har ta bar duniya ba ta sake cewa ɗana a inda zan ji ba. Sau ɗaya ne tak, kuma shekara guda aka ƙwace mini kafin in ji shi.